Ɗawisun Gongmen: tsoro ne ya ci shi ko buri?

Baban Walida: Salamu alaikum jama'ar zaure. A yi mini afuwa, yau da maganar katun na zo. Daren jiya zafi ya koro mu tsakar gida a nan Mabera, aka yi sa'a akwai wuta, sai yara suka sa Kung Fu Panda 2, wanda ya fito a 2011. Na zauna da niyyar in sha iska in tashi, ban motsa ba sai da aka gama. Ga wanda bai gani ba: wani farin ɗawisu ne mai suna Shen, ɗan sarkin birnin Gongmen a ƙasar Sin. Iyayensa suka nemi wata tsohuwar akuya mai duba, ta ce wani jarumi mai launin baƙi da fari ne zai ga bayansa. Ashe yana laɓe ya ji. Sai ya kwashi rundunar kyarketai ya afka wa ƙauyen dabbobin fanda, tunda su ne masu baƙi da fari. Iyayen suka kore shi daga gari. Bayan shekara 30 ya dawo da igwa ya ƙwace birnin, yana shirin cinye Sin baki ɗaya. Ɗan fandan da ya tsira yana jariri, Po, shi ne ya zo ya gama da shi. Ni dai abin da na fahimta, Shen ba mugu ba ne. Tsoro aka dasa masa yana yaro. Laifin na akuyar ne da iyayensa. Wanda ke da ja, bisimilla.

Kawu Direba: Kai jama'a, mi nika gani haka? Mutum da gemu, da iyali, ya tashi da sahe shina kare tsuntsun katun. To tunda an hwara, ni ma na kalle shi wurin ɗiyana. Wanga tsuntsu mugu na. Wanda yat tashi ya kashe jarirai ba ya da wani suna sai wannan.

Baban Walida: Kawu, ban ce abin da ya yi daidai ba ne. Tushen abin nake nema. Kai da kanka, a ce an gaya maka ga wanda zai kashe ka, ga kamanninsa, barci za ka yi?

Kawu Direba: Sai in tai masallaci in yi addu'a. Ba ni zuwa ƙauyen mutane da wuta.

'Yar Jami'a: Yaya Baban Walida, da girmamawa, ka tsallake abu biyu a labarin, kuma su ne gishirin maganar. Na farko, me ya kai iyayen wurin mai duba tun asali? Gidansu ne ya ƙirƙiro wasan wuta, irin tartsatsin nan mai launi da ake harbawa sama ranar biki. Shen ya dubi garin albarushin da ake yin sa da shi, ya ga makami. Ya riga ya fara gwaje-gwajensa a ɓoye, abin da ya tayar wa iyayen hankali ke nan. Wato burin ya riga tsoron zuwa. Na biyu, akuyar ba ta ce za a kashe shi ba, kuma ba ta yanke magana ba. Sharaɗi ta sa: idan ya ci gaba da bin wannan hanya, jarumin zai rinjaye shi. Akwai "idan" a ciki. Ƙofa a buɗe take. Da ya ajiye albarushin nan ya koma ya jira gadon ubansa, babu fandan da ke da matsala da shi. An ba shi zaɓi tsakanin ya bar makami ko ya fuskanci jarumi, sai ya ƙirƙiro na uku, ya share duk wata al'umma don ya riƙe makaminsa. Wannan ba yaro ne da ya firgita ba. Mai buri ne da aka nuna wa shinge, ya ce sai dai a rushe shingen.

Baban Walida: Ƙanwata, wannan "idan" ɗin ban ji ta ba. Ƙila lokacin ina korar sauro.

'Yar Jami'a: A minti biyun farko take, inda aka ba da tarihin da zane mai kama da wasan inuwa. Ka koma ka duba.

Maman 'Yan Biyu: Ni ban tsaya inda Baban Walida ya tsaya ba, amma kada a wanke iyayen nan tas. Shekarata goma sha ina koyarwa a firamare, na ga irinsu. Kun ga ɗanku ya fara wasa da abu mai haɗari. Maimakon ku zaunar da shi ku yi magana, sai kuka aika a kira mai duba, kuna tattauna makomarsa a bayan idonsa, shi kuma yana bayan labule yana ji. Yaron da ya ji iyayensa na tambayar wani yadda ƙarshensa zai kasance, me kuke so ya ɗauka? Cewa sun riga sun fid da rai da shi. Kuma ku lura da abin da ya yi bayan ya gama ɓarnar: gida ya dawo yana ƙafafa, yana jiran a yaba masa. Bai gudu ba, bai ɓoye ba. A tunaninsa ya magance abin da ke damun gidan. Wannan ya nuna mini ba a taɓa zama an nuna masa iyaka ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su kuwa sai da ya bushe suka zo da gatari.

Baban Walida: Allah ya biya ki Anti. Ga shi kuma fari fat a cikin dangi masu launi-launi. Ai dole ya taso yana jin ba a son sa.

'Yar Jami'a: Nan ma Yaya, fim ɗin bai nuna an tsangwame shi saboda launinsa ba. Shi ne yake faɗin cewa iyayensa sun ƙi shi. Akuyar da ta zauna da su a fada ta gaya masa akasin haka, cewa baƙin cikin korarsa ne ya yi ajalinsu. Ya ji, ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ci gaba da shirinsa. Ina jin muryar ce ta saye ka. Gary Oldman ne ya yi ta, kuma ya iya sa mugu ya ba ka tausayi. Anti kuma, na yarda an yi kuskure wajen kiran mai duba, amma korar fa? Ɗanki ya kashe ƙauye guda, ke ce sarauniya. Kora ai sassauci ce.

Maman 'Yan Biyu: Sassauci ga wa? Sun kore shi tare da kyarketansa, da iliminsa na albarushi, suka sake shi cikin duniya ba mai sa masa ido. Ba su hukunta shi ba, ba su gyara shi ba, sun dai kau da shi daga gabansu don kada su riƙa ganin abin kunyarsu. Shekara 30 yana ƙera igwa a cikin duwatsu, kyarketansa na bin ƙauyuka suna kwashe tukwane da duk wani ƙarfe. Talakawan da aka kwashe wa tukwane su suka biya kuɗin wannan sassauci.

Malam na Kanwuri: Wa alaikumus salam. Na daɗe ina karantawa. Ban ga fim ɗin ba, amma yadda kuka kawo labarin, ai mun san shi tun muna makarantar allo. Ku buɗe Suratul Ƙasas. Aya ta 4 ta ce Fir'auna ya ɗaukaka kansa a ƙasa, ya rarraba mutanenta ƙungiya-ƙungiya, yana yanka 'ya'ya maza na wani ɓangare yana barin mata. Malaman tafsiri sun kawo cewa labari ya iske shi na wani yaro daga Bani Isra'ila wanda mulkinsa zai ƙare a hannunsa. Aya ta 6 kuma ta ambaci cewa za a nuna wa Fir'auna da Hamana da rundunoninsu abin da suke jin tsoro. Kun ga Alƙur'ani bai musanta cewa yana cikin tsoro ba. Amma ku dubi jerin: girman kai aka fara ambata, sannan yanka, kuma aya ta 4 ɗin ta rufe da kiransa mai ɓarna. Tsoron bai zama uzuri ba. Tambayar ita ce tsoron rasa me? Talakan Masar da ke noma a bakin Nilu bai ji tsoron jaririn nan ba. Wanda ya ce shi ne ubangiji mafi ɗaukaka, shi ne barci ya ƙaurace wa. Kuma yaron da ake yanka dubbai dominsa, a cikin gidansa ya girma, da abincinsa. Zakaran da Allah ya nufa da cara ke nan.

Abu ɗaya da nake so iyaye su kula: a irin wannan labari maganar mai duba ce take cika. Yaro zai tashi da tunanin cewa boka ya san gobe. Hadisi ya tabbata a Muslim cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. In za a bar yara su kalla, a zauna da su a warware masu wannan.

'Yar Jami'a: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Sai dai ni a ganina fim ɗin ma bai ba akuyar wannan matsayi ba. Po ɗan manoma ne a wani ƙauye can. Da an bar shi, da ya tashi yana cin gora kamar ubansa. Harin Shen ne ya sa uwarsa ta ɓoye shi a cikin akwatin kayan lambu ta janye kyarketan zuwa wani gefe, akwatin ya ƙare a bayan shagon wani dinya mai sayar da taliya, a kwarin da makarantar kung fu take. Shen da hannunsa ya ɗauki abokin gabansa ya kai shi bakin ƙofar malamai. Ba ilimin gaibu ba ne, garin gudun gara ne aka faɗa gidan zago.

Malam na Kanwuri: Ke kin gane haka saboda kin girma. Ɗan shekara bakwai abin da zai riƙe shi ne akuya ta faɗa kuma ya faru.

Kawu Direba: Malam ya yi gaskiya. Ƙaramin ɗana har yanzu in ya ga akuyar maƙwabta sai ya tsaya shina kallon ta.

Baban Walida: To bari in kawo misali na gida, don kada a ce sai Sin da Masar. Yunfa fa? Ruwaya ta nuna Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya koyar da shi. Ya hau gadon Gobir ya tarar jama'ar Degel na ƙaruwa kullum. An ce ya kira Shehu Alƙalawa ya ɗana masa bindiga, ta ƙi tashi yadda ya so, ta ƙone shi Yunfan. Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yuni, a 1808 Alƙalawa ta faɗi, Yunfa ya mutu a ciki. Duk matakin da ya ɗauka don ya tsare gadonsa sai ya ƙara matso da abin da yake gudu. Ba tsoro ne wannan ba?

Ɗan Sabon Birni: Dakata nan, Baban Walida. Tun safe ina kallonku ban ce uffan ba, amma kada ka haɗa mini Sarkin Gobir da tsuntsun katun. Na ɗaya, yawancin abin da muke karantawa a kan Yunfa, waɗanda suka ci shi da yaƙi ne suka rubuta. Ban ce ƙarya suka yi ba, na ce dai ɓangare guda ne ya riƙe alƙalami. Na biyu, abin da Yunfa ya ji tsoro abu ne da ido ke gani: jama'a mai yawa a cikin ƙasarsa, tana da shugabanta, ta fara tanadin makamai, kuma tun zamanin Nafata ake takun saƙa, har aka hana rawani da lulluɓi. Kowane sarki a duniya zai damu da wannan. Za ka iya cewa ya yi kuskure wajen yadda ya tunkari lamarin, ni ma zan iya yarda. Amma shi gado ya tarar yana ƙoƙarin riƙewa. Ɗawisunka kuwa gadon na jiransa ba mai ja da shi, ya ce bai ishe shi ba sai ya haɗa da duk ƙasar Sin. Kuma jarirai ya bi, ba mayaƙa ba. In ma misalin ya yi wani amfani, to ya rushe maganarka ne, don ya nuna akwai tsoron da ke da dalili, akwai kuma wanda kwaɗayi ya haifa.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi hattara. Zauren nan akwai Gobirawa, akwai Fulani, akwai Zamfarawa da Kabawa, kuma dukkanmu aji ɗaya muka zauna. A bar magabata su huta, a koma kan tsuntsu.

Baban Walida: Na janye misalin. Ɗan Sabon Birni, a yi haƙuri, ba da wata manufa ba ne.

Ɗan Sabon Birni: Ya wuce. Amma ka biya tara, fura ta Kasuwar Daji in na shigo gari.

Kawu Direba: Ni abin da yab ba ni dariya cikin fim ɗin shi na inda fandan ke tare harsashen igwa da hannu shina maida ma su. Ku tambayi Giginya, inda anka gwabza da Turawa nan Sakkwato. Ranar 15 ga Maris 1903 kakanninmu sunka fito da takubba da masu da dawaki, Turawa sunka zo da igwa da bindiga mai ruwa. Kahin rana ta yi tsaka an gama. Sarkin Musulmi Attahiru yai gabas, anka cim mai Burmi cikin watan Yuli. Nan duniya mai igwa ka cin nasara, ba mai kung fu ba.

'Yar Jami'a: Kawu, wannan maganar taka ta fi ƙarfin wasa. A nan ne kawai nake ganin Shen ya fi kowa a fim ɗin hangen nesa: ya gane zamanin takobi ya ƙare. Harbi ɗaya ya kashe babban malamin kung fu na birnin, karkandan nan da ake cewa ba a taɓa ture shi ba, sauran malaman biyu, wani sa da wani kada, suka zauna a kurkuku suka ƙi fitowa ko da aka buɗe masu ƙofa, don suna tsoron a juya igwar kan gari. A tarihi ma Sinawa ne suka gano albarushi, wajen ƙarni na 9, kuma masu neman maganin tsawon rai ne suka ci karo da shi suna haɗa farar wuta da gawayi da wani irin gishiri. To amma kaifin basira ba ya wanke mutum. Ku dubi abin da ya yi da ya shiga fada: kujerar ubansa ya sa aka jefar ta taga, aka ɗora igwa a gurbinta. Daga baya hasumiyar kakanninsa ya sa aka yi wa ruwan wuta har ta rushe, don kawai Po na ciki. Mai tsoron rasa gida ba ya rusa gidan.

Maman 'Yan Biyu: Ni kuwa jefar da kujerar nan ce ta fi tabbatar mini da maganata. Mai neman mulki zalla zai hau kujerar ne ya zauna. Wanda ya jefar da ita, da mai kujerar yake faɗa, ko da ya mutu. Shekara 30 bai daina gardama da ubansa ba. Kuma duk rashin imaninsa, akuyar nan da ke gaya masa baƙar magana a fuska, har tana cin gefen rigarsa, bai taɓa ta ba. Daga ƙarshe ma sallamarta ya yi ta tafi. Ita kaɗai ta rage masa daga gidan da ya taso.

Ɗan Sabon Birni: Anti, shugaban kyarketan fa? Shekara 30 yana bin sa a gudun hijira. A tashar jiragen ruwa Shen ya ce a harba igwa alhali yaransu na gaba, kyarkecin ya ce ba zai harbi 'yan'uwansa ba, nan take ya jefe shi da wuƙa. Mu da muke cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, ga inda bafade ya ja birki sarki ya kashe shi. Akuya ɗaya da ya saki ba za ta goge wannan ba.

Maman 'Yan Biyu: Ban ce ta goge ba. Cewa na yi mugun nan akwai inda aka yi sakaci da shi kafin ya zama abin da ya zama. Ku maza kuna son a ce ko dai mugu ne ko ba mugu ba, a rufe littafi.

Malam na Kanwuri: Hajiya, ana iya tuhumar iyaye da sakacinsu, a kuma tuhumi ɗa da aikinsa. Kowa da littafinsa. Matsalar take inda Baban Walida ya ɗebe daga na ɗan ya zuba a na akuya.

'Yar Jami'a: Kuma an sake buɗe masa ƙofa a ƙarshe. Jiragensa sun ƙone, yana kan tarkace, Po bai kai masa hannu ba, magana ya tsaya yi masa, cewa ya saki abin da ya wuce. Wanda aka kashe wa uwa ne fa ke lallashin wanda ya kashe ta. Shen ya zaro wuƙaƙe. Garin sara ya yanke igiyoyin da ke riƙe da igwarsa, ta faɗo masa. Jarumi mai baƙi da fari ya rinjaye shi kamar yadda aka faɗa, amma abin da ya ƙera da hannunsa ne ya danne shi. Jennifer Yuh Nelson, wadda ta ba da umarnin fim ɗin, ba ta bar wa kowa hanyar cewa ƙaddara ce ta zalunce shi ba.

Baban Walida: Na dawo. Bayan la'asar na sa Walida ta mayar mini da farkon. "Idan" ɗin tana nan, ƙanwata, kin yi gaskiya, kuma albarushin ya riga akuya. Na sauke mata laifi. Amma ban sauka gaba ɗaya ba. Mun kai har ƙarshe, na lura lokacin da igwar ke faɗowa ya ɗaga kai ya gan ta, yana da damar kaucewa, sai ya rufe ido kawai. Mutumin da buri ne kaɗai ke tuƙa shi zai yi tsalle ya tsira ya sake shiri. Wannan gajiya na gani, irin ta wanda ya yi shekara 30 bai yi barci mai nauyi ba.

Kawu Direba: Ko kuma nauyin gashin wutsiya ya hana shi tashi.

Baban Walida: Kawu ke nan. Anti, ga wata tambaya da Walida ta yi mini na rasa amsa, na ce zan kawo miki. Ta ce uwar Po ta yarda kyarketai su bi ta don ɗanta ya tsira, to ita uwar Shen da aka kore shi, me ya hana ta bin sa?

Maman 'Yan Biyu: Shekararta nawa?

Baban Walida: Tara.

Maman 'Yan Biyu: Ka kawo mini ita ranar Asabar, ni da ita za mu zauna. Kai kuma ka je ka nemo wa Ɗan Sabon Birni furarsa.